Yashin da Yaya Ta Tankaɗe

Mijin Yayata mutum ne da ba ya sayen ko allura sai ya juya ta sau uku. Ni na laƙaba masa Injiniya, don tsokana, tun ina 'yar makaranta yana zuwa wajen Yaya da ƙunar walda a hannun riga, sunan kuwa ya bi shi har unguwa ta manta na yanka. Shi kuma ya rama da kirana Rediyo, wai ba a kashe ni sai an cire batir. Ban zo in wanke shi ba, ban kuma zo in ɗaure shi ba. Labarinsa ne ya daɗe yana cina, kuma duk inda na ji ana ba da shi sai in ji an ba da shi a karkace.

Walda ce sana'arsa ta fari, a wata rumfa bakin titi. Yana da hannu, ban taɓa musa masa wannan ba. Amma abin da ya fi ƙona masa rai a duniya tsatsa ce. Za a kawo masa tsohuwar ƙofar ƙarfe ko gadon da kakar wani ta bari, gyaran bai fi na awa biyu ba, sai ya kwana uku yana goga da burushin waya kafin ƙarfen ya yi hasken da wuta za ta kama shi. Wata rana aka kira shi aiki a harabar wani babban kamfani, ya ga mutum riƙe da tiyo yana feshin tankin mai da wani abu kamar yashi, fenti da tsatsa suna tashi kamar ana wanke faranti. Ya dawo gida bai iya cin abinci ba. Tun daga ranar Yaya ta ce ta san an yi mata sabuwar fitina.

Kusan shekara guda ya yi yana zaɓen kayan. Ni tela ce, gidana layi biyu ne daga nasu, kullum da yamma ina can, don haka na sha karatun da ban nema ba. Abu uku ne, in ji shi: injin iska, da tukunyar da ake zuba abin feshin, da ɗan bakin da ke ƙarshen tiyo. Idan ramin bakin ya fi ƙarfin injin, iska za ta ƙare kafin ka gama ƙafar gado ɗaya, ka tsaya kana jiran tanki ya cika kamar mai bin layin famfo. Injuna biyu ya ƙi saboda ƙanƙantar tanki. Na ukun sai da ya sa mai shi ya kunna, ya zauna kusa da agogo a hannu yana lissafin minti nawa yake ɗauka kafin ya cika.

"Iska ma tana gumi, Rediyo," ya ce mini wata rana, yana nuna mini wani ɗan kofin gilashi da za a ɗaura a jikin tiyo. "In ka matsa ta sai ta zubo ruwa. Wannan shi zai tare ruwan, in ba haka ba komai ya dunƙule."

"To Allah ya ba iska lafiya," na ce. "Mu dai a bar mu mu ci abinci."

Bakin tiyon na tangaran ya saya, domin na ƙarfe mako guda yake yi ya cinye. Tukunyar ta hannu ce, amma sai da ya cika ta da ruwa ya matsa ya tabbatar ba ta yoyo ko'ina. Sai hular. Wata babbar hula ce mai gilashi a gaba, tana rufe kai har kafaɗa, da nata siririn tiyon da ke kawo iska daga waje. A kanta bai yi ciniki ba ko kaɗan. Ya taɓa ganin mutumin da ɓarɓashin ƙarfe ya tsiyaye wa ido, kuma ya ce shi ba zai zama na biyu ba.

Gidan nasu yana da gareji, ba su da mota. Nan ya mayar ɗakin aiki. Ya liƙe bangon da tsohuwar roba don kada feshin ya ci siminti, ya toshe duk wata kafa ta ƙofa da soso, ya fasa bangon baya ya sa fanka mai jan ƙura zuwa wani kango da ba kowa. Injin ya yi wa rumfa a waje, ya ɗora shi kan tayoyi don rage ƙara. Ya bi maƙwabta gida gida yana neman izini, ya yi musu alkawarin ba zai kunna ba da sassafe ko lokacin da mutane ke hutawa. Ina faɗin duk wannan ne don kada wani ya ce sakarai ne ko marar kula. Da sakarai ne da abin ya zo mini da sauƙi.

Saura abin da za a zuba a tukunyar. Mai sayar da kayan ya nuna masa buhunan wata ƙwayar ƙarfe, da wata baƙa mai ƙyalli, ya ce su manyan kamfanoni ke amfani da su. Suna da tsada, kuma ba kullum ake samunsu ba. Injiniya ya murza a yatsa ya ce ai wannan yashi ne ya sha gata, ga yashin rafi ana zubar da shi tifa tifa a bakin kowane gini. Mai kayan ya ce mutane da yawa ma haka suke yi. Bai ce masa komai game da ƙirji ba, kuma ina kyautata zaton shi ma bai sani ba.

Ranar gwaji ina wurin. Ya shiga hularsa kamar mai tafiya duniyar wata, ya rufe ƙofa, injin ya ɗauka. Minti biyu sai muka ji shiru. Ya fito, ya kwance bakin tiyon, ya zaro tsakuwa, ya koma. Minti biyu kuma shiru. Sau bakwai na ƙirga. Yashin da danshi, ga tsakuwa, ga ɓawon katantanwa. A na ƙarshe ya cire hular ya zauna a ƙasa, ya ɗauko wata tsohuwar ragar taga yana ƙoƙarin tacewa, rabin yashin yana zuba a ƙafarsa.

Yaya tana tsaye bakin kicin tana kallonsa, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Don Allah tashi ka ba ni wuri," ta ce. "Yaushe namiji ya iya tankaɗe?"

Yaya ta girme ni da shekara tara, ita ta goye ni. Ba ta da surutu irin nawa, kuma ba ta iya ganin abu yana lalacewa ta wuce. Ko zaren da na yar a shagona sai ta tsince ta naɗe. Ta shimfiɗa tamfol a tsakar gida, ta shanya yashin a rana tana juya shi da ƙafa har ya bushe ƙayau, ta ɗauko rariyarta ta gari ta zauna a kujera 'yar tsuguno. Washegari injin ya yi awa uku bai tsaya ba. Wani tsohon gado da ya shiga baƙi ƙirin ya fito fari tas, har ana ganin tambarin maƙerinsa. Injiniya ya kira ta ta gani kafin kowa, ya ce wa mai gadon a gabanta, "Rabin aikin nan na Maman yara ne." Na ga yadda fuskarta ta yi, ta ji daɗin maganar ƙwarai.

Haka aiki ya zauna. Aka riƙa kawo ƙofofi, da kujerun lambu, da wilin mota, da tsofaffin kekunan ɗinki, har nawa ya wanke mini. Shi yana ciki da hularsa, ita tana waje da rariyarta. Ba a yi wata biyu ba ta gano cewa yashin da aka yi feshi da shi bai mutu ba. Idan Injiniya ya tashi aiki, ta jira ya buɗe ƙofa, ta shiga da tsintsiya ta share, ta kwaso a bokiti. Yashin da ya daki ƙarfe yakan farfashe, rabinsa ya koma laushi kamar hoda, kuma wannan laushin ba ya cin tsatsa, sai dai ya toshe tiyo. Sai ta ɗauko tire tana bakace shi, hodar ta tashi, tsabar ta zauna. Wadda ta ƙi tashi ta hura ta da baki. Tifa ɗaya a hannun Yaya sai ta yi aikin uku, kuma tana alfahari da hakan.

Injiniya ya kafa doka ɗaya mai tsanani: muddin injin yana aiki, ba mai kusantar ƙofar gareji. A ganinsa cutar tana cikin gudun yashin ne, wanda zai iya fasa ido ko ya saɓe fata. Abin da ya riga ya faɗi ƙasa ya huce, ba shi da sauran sharri. Da ya ga idon Yaya yana ja da yamma, ya tafi kasuwa ya sayo mata tabarau mai roba a gefe, mai kyau, ya kuma tsaya a kanta sai ta sa. Shekara tara tana tankaɗe da tabarau a ido, hanci da baki a buɗe.

Ni ma ina da nawa kason. Kullum ina zaune kusa da ita muna hira, sai in ja kujerata zuwa inda iska ba ta kaɗowa don kada ƙurar ta ɓata mini atamfa. Ina ce mata ta zama ɓeran da ya faɗa buhun gari, gira fari, gashin hanci fari. Mu yi dariya. Iyakar abin da bakin nan nawa ya iya faɗa ke nan, bakin da ba ya gajiya.

Tari ya fara a shekara ta bakwai, busasshe, ba majina. Aka ce sanyi ne. Sai ta fara tsayawa hutu a tsakiyar hanyar gidana, layi biyu kacal. Sai ramewa. A asibitin unguwa aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka ga tabo, aka ce tarin fuka ne, aka ɗora ta a magani na wata shida. Aka ware mata kofi da cokali. 'Yarta da ke aure ta daina kawo jikokin, kuma wannan ya fi tarin yi mata ciwo. Ta shanye maganin tas, ba ta tsallake ko rana ɗaya ba, Injiniya ne ma ke miƙa mata da hannunsa. Tari bai tafi ba. Aka ce irin mai taurin kai ne, aka sake sabon zubi. A duk tsawon wannan lokaci, ranar da ta ji dama dama, sai ta ja kujerarta ta zauna gaban tamfol, wai zaman banza ya fi gajiyar da ita.

Sau uku na raka su asibiti, sau uku ana tambaya, "Mece ce sana'arta?" Sau uku Injiniya yana amsawa, "Matar gida ce, ba ta aiki." Ba raini ba ne. Shi a wurinsa wannan yabo ne, cewa ya riƙe matarsa ba ta fita nema. Ita ma ta gyaɗa kai, ni ma ban ji komai a maganar ba.

A babban asibiti ne muka haɗu da wata likita mai furfura, wadda ta daɗe tana kallon hoton a jikin fitila. Sannan ta juyo ga Yaya.

"Baiwar Allah, kin taɓa aikin fasa dutse? Ko haƙar ma'adinai? Ko kuna zaune kusa da inda ake niƙa dutse?"

"A'a," in ji Injiniya. "Ba ta aiki, likita. Tana gida."

Ban san me ya taɓa ni ba a wannan karon. Wataƙila kalmar dutse ce.

"Wane irin ba ta aiki?" na ce. "To wa yake tankaɗe maka yashi?"

Likitar ta ajiye biro. Ta sa na faɗi komai, tamfol, rariya, tire, hurawa da baki, shekara nawa, awa nawa a rana. Ina magana ina ganin fuskarta tana sauyawa. Da na gama ta yi mana bayani a hankali. Yashi ɗan dutse ne. Idan ya farfashe yakan ba da ƙura mai laushin da ido ba ya gani, wadda ke wucewa har ƙasan huhu ta zauna. Jiki ba ya iya narkar da ita, ba ya iya fitar da ita, sai ya yi ta naɗe ta da tabo har huhun ya ƙandare. Wadda ta fi muni kuwa ita ce ta yashin da aka riga aka yi feshi da shi.

"Wane magani za a saya?" Injiniya ya tambaya. Har ya fara laluben aljihu.

"Za mu rage mata wahala," ta ce. "Amma abin da ya ƙandare ba ya komawa, kuma yakan ci gaba ko an daina shaƙa. Kai ma sai an ɗauki hoton ƙirjinka, tunda kai ne a cikin ɗakin."

Muka kamo hanyar gida. Da muka shiga, Yaya ta kwanta, na same shi tsaye a tsakar gida gaban tamfol, yashi shanye a kai. A nan na faɗa masa maganar da har yau nake jin ɗacinta. Na ce ya kashe shekara guda yana zaɓa wa kansa hula, ya tausaya wa bango, ya tausaya wa maƙwabta, ya tausaya wa tiyo, amma 'yar'uwata ya ba ta tabarau. Na ce da ita ƙarfe ce da ya kula da ita. Bai ɗago ba. Ya ce, "Gaskiya ne," ya naɗe tamfol ɗin da yashin a ciki, ya ja shi waje. Na so ya musa, don in sami abin da zan ci gaba da duka.

Ya sa wa garejin kwaɗo a ranar. Abin mamaki, Yaya ce ta yi fushi da hakan. Ta aika aka kira shi, ta ce ya sayi ƙwayar ƙarfen da aka nuna masa tun farko ya ci gaba, mutane sun kawo kayansu suna jira. Ya ce ba zai iya jin ƙarar injin ba.

"Ba kai ka sa ni ba," ta ce, tana tsayawa tsakanin kalmomi. "Ni na ce ka tashi ka ba ni wuri. Kuma na iya. Kada ka mayar mini da shi abin kunya."

Bai buɗe ba duk da haka. Ya koma rumfar walda da safe, da rana ya dawo ya zauna wurinta. Da aka ce sai an kawo mata tukunyar iskar numfashi gida, shi ya zaɓo, da irin natsuwar nan tasa mai ban haushi, ya auna tsawon tiyon yadda zai kai ta har banɗaki, ya yi wa tukunyar keken ja. Jikokin suka dawo tunda an ce ba tarin fuka ba ne, amma yanzu ba ta da numfashin ɗaukarsu.

Hoton nasa ya yi ta ja da shi har wata biyu. Na ɗauka tsoro ne, har na yi masa gori. Sai ranar da na raka shi karɓar sakamako na gane ban fahimce shi ba. Muna zaune a benci sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ai ni ne a cikin ɗakin. Nawa zai fi nata." Yadda ya faɗe shi, ba mai fargaba ba ne ke magana. Fata yake yi a ce shi ma ya kamu.

Likitar ta ɗora hoton a fitila, ta duba, ta yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoranta.

"Malam, ƙirjinka fes yake. Ɗan abin da ke nan na hayaƙin walda ne, ba abin damuwa ba. Wannan hular taka ta yi aikinta. Ka kula da kanka ƙwarai."

"A sake dubawa," ya ce.

"Na duba. In Allah ya yarda kana da sauran shekaru masu yawa."

Ya karɓi ambulan ɗin ya yi godiya, don shi mutum ne mai ladabi. A waje ya tsaya jikin bango ya daɗe, ni kuma na tsaya ina riƙe masa hularsa ta kai da ta faɗi.

Da muka isa gida Yaya tana jingine da matashi uku, tiyo a hanci. Tun daga ƙofa take bin fuskarsa da ido. Ya kau da kai gefe. Ni na faɗa mata, na ce likita ta ce ba komai, ƙirjinsa lafiya lau.

Ta lumshe ido. Sai da ta ja numfashi sau uku kafin ta iya haɗa alhamdu lillahi, kuma wallahi har zuciyarta ta faɗe shi, fuskarta ta saki kamar an sauke mata kaya. Ta miƙo hannu ta ce ya ba ta hoton ta gani. Ya ba ta. Ta ɗaga shi wajen hasken taga, tana kallon abin da ba ta iya karantawa, tana murmushi.

"Wata biyu ban yi barcin kirki ba saboda wannan," ta ce. "Yanzu ko an kira ni, na san akwai wanda zai tsaya wa yaran."

Ya ce zai duba ko iskar tukunyar ta yi ƙasa. Allurar ma'aunin tana kan cika, ina ganinta daga inda nake zaune. Ya durƙusa a gabanta duk da haka, ya ba mu baya, ya daɗe yana dubawa.